Sa ido kan buga manyan zane-zane daga AutoCAD a ofis

Tambayarka ita ce yadda za a san wanda ke buga manyan zane-zane daga AutoCAD, manhajar zanen gine-gine da injuna, a kuma taƙaita ɓarnar takarda. A sa kowane aiki ya bi ta saba guda, wato kwamfutar da ke karɓar duk ayyukan bugawa, kafin ya isa na'urar bugawa, domin a nan ne manhaja irin PaperCut ke rubuta sunan mai aikin. A yi lissafi da girman takarda maimakon yawan shafi, tunda babbar takardar A0 guda daidai take da A4 guda 16. Wani kuskure da ake yi shi ne barin fayil ɗin PC3, wato fayil ɗin saitin na'urar bugawa a AutoCAD, yana aika zane kai tsaye zuwa na'urar, sai aikin ya wuce ba a ƙirga shi ba. Toshe wannan kafa aikin jami'in sadarwar kwamfutocin ofis ne.