Tambaya da Amsa: Wa ya koya wa Japanawa tsince shara a filin ƙwallo?

Tambaya: Assalamu alaikum. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar na ga magoya bayan Japan suna bin kujeru da leda suna tsince shara bayan sun ci Jamus. Don idon duniya suka yi, ko haka ɗabi'arsu take? Daga wani malamin firamare a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai ban ɗauke shi riya ba. Ka tuna 2018 a Rasha, Japan tana gaba da ci biyu, Beljiyam ta farke, ta ƙara na uku ana dab da tashi. Da wannan baƙin cikin magoya bayan suka tsince wurin zamansu, 'yan wasan kuma suka bar ɗakin canza kaya tas.

Tunda kai malami ne, amsar tana cikin aikinka. A yawancin makarantun firamare na Japan akan ware kamar minti 15 zuwa 20 a rana don shara, galibi bayan abincin rana. Yara su ja tebura zuwa ƙarshen aji, wasu su ɗau tsintsiya, wasu su jiƙa tsumma su matse, su dafa shi da hannu biyu su bi daɓen daga wannan bango zuwa wancan. Akwai masu baranda, akwai masu matakala, wasu makarantun har ban ɗaki. Ana juya aikin rukuni-rukuni, ɗan attajiri da ɗan talaka duk ɗaya, malamin ma yana cikinsu da tsintsiyarsa. Abincin kansa yaran ne ke rabawa, sanye da fararen riguna da huluna, a tsarin da aka kafa wa doka tun 1954. Takalmin waje kuwa a bakin ƙofa yake tsayawa, a sa na ciki.

Mu ma yaranmu suna share aji, ka fi ni sani. Abin da ke ci mini rai shi ne a makarantu da dama mun mai da tsintsiya horo, wanda ya makara shi ke shara, malami na tsaye da bulala. Yaron da ya tashi a haka, ranar da ya girma sai ya ga ya wuce taɓa shara.

Al'adar sharar tana da saiwa a addinan Japanawa. Mai shiga wurin bautar Shinto yakan wanke hannu da baki a ƙofa, malaman Buddha na ɗarikar Zen kuma suna lissafa shara cikin ibada. Ƙarshen Disamba gidaje da ofisoshi sukan yi babbar shara kafin sabuwar shekara.

Baƙo a Tokyo yakan yi mamakin ƙarancin kwandon shara a titi. An kwashe da yawa bayan harin iskar guba da ƙungiyar Aum Shinrikyo ta kai wa jiragen ƙarƙashin ƙasa a Maris 1995, mutane kuma suka saba sa shararsu a jaka har gida. Ba wai ba sa ɓata wuri ba ne. A shekarun baya unguwar Shibuya da ke Tokyo takan cika da gwangwani a daren Halloween, bikin shigar dodanni na ƙarshen Oktoba, amma da sassafe sai ka tarar da 'yan sa kai sun fito da leda suna kwashewa.