Amsa ga ƙanena mai son karatun ilimin zurfin teku

Ƙanena, na ga saƙonka inda ka ce ka kammala digiri a fannin fiziks, kana sha'awar nazarin yadda ruwa yake hautsinewa a ƙarƙashin teku, amma kana fargabar cewa wanda ya tashi a Katsina bai taɓa ganin teku ba, ba zai samu gurbi ba. Ka kwantar da hankalinka, domin abin da malamai a nan Kiel ta ƙasar Jamus suke dubawa shi ne ƙarfinka a lissafi da iya sarrafa bayanai da Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta.

Na'urar da muka fi dogara da ita wajen auna hautsinewar ruwa doguwa ce kamar bututu, ana sakinta daga bayan jirgi ta riƙa nutsewa da nauyinta, ƙasa da mita ɗaya cikin daƙiƙa. A bakinta akwai ɗan tsinke mai saurin ji, irin wanda masanin teku Thomas Osborn ya fara amfani da shi a teku a shekarun 1970, yana ɗaukar ƙananan girgizar ruwa sau ɗaruruwa cikin kowace daƙiƙa. Wanda ke riƙe da igiyar da ke haɗe da na'urar, sau da yawa da tsakar dare hannuwansa sun ƙage saboda sanyi, dole ya riƙa sakinta sakwa-sakwa, domin da zarar ta ɗaure ta fizgi na'urar, ma'aunin ya lalace. Ko ɗan ƙwaron ruwa ya bugi tsinken, sai ka ga layi ya yi tsalle a allon kwamfuta.

Wahalar tana da dalili. A 1966 masanin teku Walter Munk ya lissafa yawan gaurayar ruwa da ake bukata kafin ruwan sanyi na ƙasa ya dawo sama, amma ma'aunan tsakiyar teku suka riƙa nuna kusan kashi ɗaya cikin goma na adadin. Binciken da aka yi a kwarin tekun Atlantika kusa da Brazil daga 1996 ya nuna cewa gaurayar tana da rauni inda ƙasan teku yake shimfiɗe, tana kuma tsananta a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa.

Kafin ka hango Turai, ka nemi shirin digiri na biyu na WASCAL, cibiyar nazarin sauyin yanayi ta Afirka ta Yamma, da ake yi a birnin Mindelo na ƙasar Kef Bade (Cape Verde), wanda yake ɗaukar ɗalibai daga Najeriya da Nijar, kuma yana aiki tare da cibiyar binciken teku ta GEOMAR da ke nan Kiel. Ka fara sauke bayanan na'urorin Argo masu yawo a teku suna auna zafi da gishirin ruwa, waɗanda suke nutsewa mita 2,000 duk kwana goma. Kyauta ne a intanet, kuma zanen da ka yi da su zai ƙarfafa takardar neman gurbinka.