Kafin ka ɗora dalma a kan wayar motar soja

Jiya muna kulle shago ka ce min, "Maigida, wayoyi huɗu ne nan, huɗu ne can. Me zai hana mu yanke filogin sojan mu haɗa shi da oba-obar Alhaji mai motar kai tsaye, mu ja wuta daga batir ɗaya, mu yi amfani da doguwar eriyar da ke jikin motar? Ai aikin awa ɗaya ne." Na ce ka bari sai da safe. To, ga safiyar, jawo benci ka zauna.

Motar nan M35 ce, tsohuwar motar ɗaukar kaya ta sojan Amurka, irin wadda suke sayarwa a gwanjo idan ta gama yi musu aiki. Akwatin da ke bayan kujera, mai lamba AM-1780, shi ne uwar intakwam ɗin da suke kira VIC-1, wato na'urar da mutanen cikin mota ke magana da juna ta ita. Ƙananan akwatunan masu lamba C-2298 kuwa, nan kowane mutum yake sa filogin abin kunnensa. An yi tsarin ne saboda ƙugin inji, domin a cikin tankar yaƙi ko ka yi ihu na kusa da kai ba zai ji ka ba. Abokin aikinsa na asali rediyon soja ne irin RT-524. An ƙera su tare, sun san halin juna. Ita kuwa rediyon Alhaji baƙuwa ce a gidan.

Mu fara da wuta, don nan ka fi ba ni tsoro. Motar bolt 24 take ci, batir biyu masu bolt 12 aka jera, kan wannan a gindin wancan. Rediyon farar hula bolt 13.8 take so. Dabarar jan wuta daga batir na ƙasa za ta yi aiki yau, gobe ma ta yi. Amma altaneta ba ta san ka yi wa ɗaya sata ba, caji iri ɗaya take tura wa dukansu. Na ƙasan kullum da yunwa, na saman kullum a ƙoshe har ruwansa ya riƙa ƙonewa. Bayan 'yan watanni Alhaji zai sayi batir biyu, kuma sunan shagon nan zai kira. Idan kuma ka yi kuskure ka ja daga na sama, to nagatif ɗinsa yana zaune ne a kan bolt 12, da zarar jikin rediyo ko wayar eriya ta taɓa bodi, ka haɗa batir na ƙasa da kansa, sai hayaƙi. Kwanbata za mu sa, mai sauke 24 zuwa 13.8. Rediyo mai wat 50 tana jan kusan am 10 ko 11 lokacin da ake magana, saboda haka mai ɗaukar am 20 za ka nemo, a sa fis kusa da batir. Kada ka kawo min mai arha ɗin nan marar tacewa, wadda za ta cika mana kunne da tsuwa kamar gyare.

Yanzu wayoyinka huɗu. Gaskiya ne huɗu ne. Ɗauko filogin abin kunnen nan, U-229, ka duba haruffan: A at ne, wato wayar ƙasa da ke haɗe da bodi, B sautin da ke zuwa kunne, C ta maɓallin magana, D ta makirfo. Babbar wayar da ke tafiya daga AM-1780 zuwa gurbin rediyo ta fi wannan yawan fil, amma waɗannan huɗun za ka laluɓo a cikinta, da zanen littafin akwatin da mitar awon wuta, ba da kallon launin waya ba. Sai dai sunan waya ɗaya ba ya nufin abin da ke gudana a cikinta ɗaya ne.

Makirfon soja mai maganaɗisu ne, om 150, ba ya bukatar wuta, kuma akwatin yana ƙara wa muryar ƙarfi kafin ya miƙa ta. Yawancin rediyon farar hula kuwa an yi su ne don ƙaramin makirfo mai cin wuta, shi ya sa za ka tarar da 'yan bolt zaune a kan fil ɗin makirfonta, kuma murya 'yar kaɗan take jira. Ka zuba mata ta akwati gaba ɗaya, na ɗaya ɓangaren zai ji ka kamar mai magana da baki cike da tuwo. Sai a sa kwandansa ta tare wutar nan kada ta koma baya, a sa ɗan abin murɗawa a rage muryar. Kai za ka tafi bakin titi da ƙaramar oba-oba, ni ina ƙirga ɗaya, biyu, uku a cikin mota ina murɗawa, har ka ce min ta fito tas.

Wayar lasifika ita ce ta taɓa cin kuɗina, shi ya sa nake jan kunnenka a kanta. Ina kamar shekarunka, aka ba ni wata sabuwar rediyo in haɗa. Na ga wayoyi biyu sun fito na lasifika, na ce ai ɗaya dole at ce, na ɗaure ta a bodi. Na kunna, na ji "ɗas", sai ɗan wari kamar an ƙona roba. Fitila na ci, lambobi na nan, amma rediyo ta zama bebiya. Ashe irin waɗanda wayoyin lasifikarsu biyun duk masu rai ne, babu ta ƙasa a cikinsu. Maigidana bai zage ni ba. Ya miƙo min mita ya ce in auna kowace da bodi a wata irinta, na ga kusan rabin wutar batir a kan kowace. Kuɗin gyaran daga aljihuna ya fita, wata biyu ina biya. Intakwam ɗin soja yana ɗaure gefe ɗaya na sauti da at, don haka haɗa shi kai tsaye daidai yake da abin da na yi. Maganin ƙaramar taransifoma ce ta sauti, om 600 kowane gefe, ba ta fi kan babban yatsa ba. Sauti ya tsallaka, wuta ta tsaya. Ni har a layin makirfo nake sa wata, don tana kashe kukan altaneta da ke bin at yana shiga murya.

Maɓallin magana ba shi da wahala. Na soja da na farar hula duka taɓa at suke yi su buɗe, amma ban yarda layin motar bolt 24 ya haɗu da ƙwaƙwalwar rediyo ba. Ƙaramin rile, wato makunnin da wuta ke dannawa, a tsakani, da dayod a kan nadinsa, shi ke nan. Ka kuma gaya wa Alhaji tun da wuri cewa ba zai riƙa jin muryar kansa a kunne ba idan yana magana ta rediyo. Na soja suna maido wa mutum muryarsa, yawancin na farar hula ba sa yi, kada ya dawo ya ce mun ɓata masa kaya.

Eriyar da ta burge ka, AS-1729, an yanka ta ne don megahaz 30 zuwa 76, kuma a gindinta akwai akwatin daidaitawa wanda rediyon soja ke juya shi ta wata waya daban. Rediyon Alhaji tana can wajen 145. Tsawo ba shi ne ji ba. Raba 75 da megahaz, ka sami tsawon gajeriyar eriyar da ta dace a mita: a 145 rabin mita ne da ɗan ɗoriya, kuma a aikace wajen santimita 49 ake yankewa. Ko da rediyon farar hula ce irin CB mai 27, tana ƙasa da inda eriyar sojan ta fara. Ka tura wat 50 cikin eriyar da ba tata ba, ƙarfin zai dawo ya dafa taranzistan ƙarshe. Za mu bar doguwar a wurinta don ado, tunda ita Alhaji yake nuna wa abokai, mu kafa 'yar gajeriya a kan rufi da waya mai om 50. Ka kankare fenti a gurbin har ƙarfe ya fito, amma ka jiƙa wurin kuma ka rufe hanci, ƙurar fentin motocin sojan nan ba ta shaƙa ba ce. Daga nan mitar SWR, mai nuna yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya: in ta wuce 2 ba mu gama ba, ni 1.5 nake nema.

Abu ɗaya da ba na dalma ba: sai na ga takardar lasisin rediyon da idona kafin mu danna maɓalli, kuma na riga na ce masa ya canza koren fentin nan, domin doka ta hana farar hula hawa mota mai launin soja.

Tashi ka cire kan batir, nagatif tukuna. Ka ɗauko littafin AM-1780 a saman kabad, ka bi fil-fil da mita, ka rubuta min abin da ka samu a takarda. Kada ka sa ƙarfen dalma a wuta sai na duba.