Na sayi doki ya fara ɗingishi: ina da ikon mayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Na sayi doki a nan Jos a kan naira miliyan 1 da dubu 200 domin hawan Sallah. A wajen ciniki an kewaya da shi a gabana, ban ga komai ba. Kwana biyu da kai shi gida sai ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta dama. Na koma wa mai dokin, ya ce tun da ya sallama na biya, ciniki ya ƙare, kuma dillali ya faɗa a gabana cewa ba a mayarwa. Mene ne hakkina a shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kafin komai, daina hawan dokin nan daga yau, kada ka ba da shi haya, kuma ka sake zuwa wajen mai shi da shaidu biyu ka faɗa a gabansu cewa ba ka yarda da aibin ba. A mazhabar Malikiyya, wanda ya ga aibi ya ci gaba da morar dabba an ɗauka ya yarda, hakkinsa na mayarwa ya faɗi. Haka wanda ya yi shiru babu uzuri: in kamar yini guda ne sai ya rantse cewa shirunsa ba yarda ba ce, in ya ja kwanaki kuwa ya rasa. Mutane da yawa a nan suke asarar hakkinsu, suna cewa bari a ga ko zai warke. An yi rangwame ga matafiyin da ya matsu ya hau, da wanda dabbar ta ƙi januwa sai da hawa.

Ɗingishi aibi ne da ake mayar da doki saboda shi, domin yana rage kuɗinsa kuma yana hana abin da aka saye shi dominsa. Shehu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya lissafa ciwon cikin kofato, da yawan tuntuɓe, da turjiya cikin aibobin da ake mayar da dabba a kansu. Asalin hukuncin kuwa ayar Suratun Nisa'i ta 29 ce, wadda ta shardanta yardar juna a fatauci, kai kuma lafiyayyen doki ka yarda ka biya. Ibn Majah ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa bai halatta ga Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba sai ya bayyana masa.

Maganar dillali ta ba a mayarwa ba ta kuɓutar da mai sayarwa. A mashhurin zancen Malikiyya, barranta daga aibi a dunƙule ba ta aiki a cinikin dabba. Sai ya nuna aibin da sunansa, ya ce ga ƙafar da ke ciwo. Hanafiyya sun inganta irin wannan sharaɗi, amma ba shi ne fatawar da ake bi a ƙasar nan ba.

Inda shari'ar taka za ta tsaya shi ne: ɗingishin tsoho ne ko a hannunka ya faru? Ina roƙonka ka yi wa kanka adalci a nan. Ƙasar Jos duwatsu ce, doki na iya taka tsakuwa ko ƙusa tsakanin kasuwa da turkenka. In a hannunka abin ya same shi, ba ka bin kowa komai. In kuka yi jayayya, maganar mai sayarwa ake kamawa tare da rantsuwa, sai fa in masana sun shaida cewa ciwon ya riga cinikin. Saboda haka ka kira likitan dabbobi, ga su nan cikin gari, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom ba nisa. Shi zai bambance sabon rauni da tsohon ciwon gaɓa ko jijiya. Malamanmu sun karɓi maganar masani a wannan babi ko da ba Musulmi ba ne, idan ba a samu adali Musulmi masani ba. Ka tambaye shi kuma ko akwai alamar an yi wa dokin allurar kashe zafi kafin ciniki, domin bayyanar ɗingishi bayan kwana biyu tana sa a yi wannan tambayar. Ban ce ka tuhumi mutumin ba tare da hujja ba. Amma in ta tabbata, wannan algus ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce: "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni," kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira.

In ya tabbata tsoho ne, kuma dokin na nan yadda ka saye shi, zaɓinka biyu ne: ka mayar ka karɓi kuɗinka cif, ko ka riƙe ba tare da an rage maka ko kwabo ba. Ba ka da ikon tilasta masa ragi, sai in kun yi sulhu, sulhu kuwa halal ne kuma na fi so muku shi. Ragi yana zama hakki ne idan dokin ya mutu, ko wani sabon aibi mai nauyi ya same shi a hannunka. A kan ƙiyasta shi lafiyayye da kuma mai ɗingishi. In masana suka ce lafiyayye miliyan 1, mai aibi dubu 700, ya ragu da kashi 30 cikin 100, sai a cire wannan kason daga abin da ka biya, wato dubu 360. A halin sabon aibin da bai kai ga hana amfani da dokin ba kana iya zaɓar mayarwa, ka biya abin da sabon aibin ya rage.

Wanda ya san aibi ya ɓoye hukuncinsa ya fi tsanani. In dokin ya mutu sanadin ciwon da ya ɓoye, duk kuɗinka zai dawo maka, kuma wahalar mayar da dokin inda aka sayo shi tana kansa. Shi dillali, in bai san komai ba, yana riƙe la'adarsa idan mai sayarwa ne ya yi yaudara. In babu yaudara aka warware cinikin, sai ya mayar da ita.

Kuɗin dusa da harawa da ka kashe ba za ka nema ba. Hadisin A'isha (RA) ya nuna cewa amfani yana bin lamuni: dokin a lamuninka yake, morarsa taka ce, ciyarwarsa ma taka ce.

Ku fara kai maganar gaban dattawan dillalai ko limamin unguwa. In ya ƙi sauraro bayan shaidar likita, ka kai ƙara kotu, babu laifi a kanka. Gaba kuma in za ka sayi doki, ka shardanta zaɓi, wato damar mayarwa cikin wani wa'adi, tun a wajen ciniki. Malikiyya sun ba da kamar kwana uku a dabba, kamar yini guda don gwajin hawa.

Wallahu a'alam.