Motar da na saya tana tangaɗi a titi, dila ya ce halinta ne: ina da hakki?

Tambaya

Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, Legas. Mako shida ke nan da na sayi babbar motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, tokumbo daga Amurka, ƙirar Ford E-450, tsawonta ya kai mita 9. Niyyata in riƙa zuwa Kano da iyali ba sai mun kwana a otal ba. A hannun wani dila na saya a yankin Berger. Na biya kashi uku cikin huɗu, shi kuma ya riƙe ainihin takardun kwastam sai na cika. Kafin in biya ya rubuto mini a WhatsApp cewa motar ba ta taɓa haɗari ba. Ran da na fara hawa titin Ibadan sai na ji tana ja gefe guda, kuma duk tirelar da ta wuce sai ta ture ni. Na kuma goge bayanta a ginshiƙin ƙofar gida. Makanike ya leƙa ƙasa ya ce ya ga walda a shasi ta gaba. Dilan ya ce ni ne ban iya babbar mota ba, kuma rasit ya ce ba a mayar da kuɗi. Lasisina na ƙaramar mota ne. Mene ne mafita?

Amsa

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kiyaye hanya. Koke uku ka kawo: turewar tirela, gugar ginshiƙi, sai ja gefe guda da waldar shasi, kuma ba uwarsu ɗaya ba. Biyu daga ciki dilan yana da gaskiya, na ukun shi ne inda hakkinka yake. Idan ka haɗa su a kwando ɗaya ka kai gaban alƙali, biyun farko za su raunana na ukun.

Turewar tirela halin motar ne. Gefenta bango ne mai tsayin sama da mita 3. Iskar da tirela ke korowa tana fara dukan bayan motar, sai hancin ya karkata wajen tirelar, in ta zo daidai da kai kuma ta tura ka waje. Maganinsa ido a madubi, ka sassauta ƙafa daga totur tun kafin ta iso, ka riƙe sitiyari da hannu biyu ba tare da fizga ba. Haka za ka ji a gadar Third Mainland ranar da iska ke kaɗawa daga ruwa. Gugar ginshiƙi ma haka. Jikin motar ya zarce tayoyin baya da nisa, don haka in ka karya sitiyari dama, wutsiyar tana fita hagu da rabin mita ko fiye, tayoyin baya kuma suna yanke kwana fiye da na gaba. Sai ka zarce kaɗan kafin ka juya, kuma a wuri mai matsi ka sa mutum a ƙasa yana yi maka ishara. Babu kotun da za ta mayar maka da kuɗi a kan waɗannan, domin wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ja gefe guda da waldar shasi magana ce dabam. Amma kafin ka ɗora wa dila laifi sai ka toshe ƙofofin da lauyansa zai bi ya fita, kuma dukansu masu arha ne.

Fara da tayoyi. Motar ƙafa shida ce, huɗu a baya, kuma na cikin ne ake mantawa da su har su yi laushi ba a sani ba. A auna iskar dukansu da safe kafin mota ta motsa, a daidaita da abin da ke rubuce a farantin da ke jikin ƙofar direba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ke bin haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Irin waɗannan motoci sun fi zama a ajiye da tafiya, shi ya sa za ka ga zanen taya kamar sabo alhali robar ta tsufa ta fara tsagewa. Daga nan sai nauyi. A farantin nan akwai GVWR, iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta, wanda a E-450 ya haura tan 6, sannan akwai iyakar gaba dabam, ta baya dabam. Ka loda ta kamar za ka Kano, ka kai ta sikelin manyan motoci a auna gaba da baya kowanne shi kaɗai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tankin lita 150 daidai yake da buhu uku na shinkafa. Idan aka jibge janareta da buhuna a can bayan tayoyin baya, gaba zai yi sakayau, sitiyari ya riƙa yawo ko da mota lafiyarta ƙalau. Sannan a duba birkin da ke kamawa a gefe ɗaya, da shokozoba, da bushin, da wasan sitiyari. Ɗan zamewa zuwa dama kuwa ba abin tsoro ba ne, titi da kansa a karkace ake gina shi saboda ruwa ya gangara.

In an gyara duk wannan tana nan tana ja, to a auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya, dama da hagu. Idan ma'aunin biyu ya saɓa, ko dai shasi ya lanƙwashe ko ƙafar baya ta goce daga mazauninta. Wannan awon, da hotunan waldar, da takardar da na'urar saita ƙafa ta buga, su ne hujjarka. Kada ka tsaya ga "makanike ya ce". Nemi injiniya ko gareji mai rajista ya rubuta rahoto da kwanan wata da sa hannu, ya faɗi ko waldar tsohuwa ce, kuma ya yarda zai zo kotu in an kira shi. Wannan na da muhimmanci, don dilan zai ce a hannunka ta bugu, ga shaidar ginshiƙi. Sai ka ɗauki lambar VIN, wato lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ka sayi rahoton tarihin motar ta intanet. Motocin Amurka da inshora ta yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya galibi suna barin sawu, wani lokaci har da hotunan ranar gwanjo.

Yanzu ga doka. Dokar sayar da kaya da ake aiki da ita a Legas ta samo asali ne daga ta Ingila ta 1893, kuma ta ce kayan da aka sayar bisa wata siffa dole su dace da siffar, sannan wanda sana'arsa ce sayar da irin kayan yana ɗauke da sharaɗin cewa za su yi aikin da aka san su da shi. Ba a auna tsohuwar mota da ma'aunin sabuwa, kuma aibin da ya kamata dubawarka ta nuna maka tun a filin ciniki ba za ka dawo kana kuka da shi ba. Amma walda a ƙarƙashin shasi ba abin da mai saye ke gani da zagaya mota ba ne. Ƙarfinka mafi girma shi ne saƙon WhatsApp ɗin: ya faɗi abu ƙarara, ka biya bisa dogaro da shi. In ya tabbata ƙarya ne, kana da damar warware cinikin ko neman diyya. Kada ka goge hirar, kada ka sayar da wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana da sharuɗɗan da ake cikawa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura.

Akwai kuma Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 132 ya ba mai saye wata uku daga ranar da aka miƙa masa kaya ya mayar da su ga ɗan kasuwar da ya sayar masa in ba su da inganci ko suna da haɗari, shi kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun "ba a mayar da kuɗi" a rasit ba ya shafe hakkin da doka ta bayar. Abin da zai iya cutar da kai shi ne in an ambata maka aibin tun farko ka ce ka ji ka gani, kuma bisa bayaninka akasin haka aka yi.

Rabin wata ukun ya riga ya tafi, Alhaji, kuma wannan ne ya fi damuna. Ban da wannan wa'adi, dokar sayar da kaya tana ɗaukar cewa ka karɓi mota idan ka riƙe ta tsawon lokaci ba ka ce ka ƙi ba, ko ka yi da ita abin da mai shi kaɗai ke yi. In ka tafi Kano da ita ka dawo, ko ka sa aka sake walda, ko ka canza wayoyin wutar ciki daga 120 na Amurka zuwa 230 namu, hakkin mayarwa zai iya kuɓuce maka, ya rage sai diyya kawai. Saboda haka ka ajiye ta a cikin gida yau. Cikin wannan mako lauya ya rubuta wa dilan wasiƙa mai ɗauke da ranar ciniki, da kuɗin da ka biya, da kalmomin saƙonsa, da rahoton injiniya, ta ce ka ƙi motar, ya zo ya ɗauka ya mayar da kuɗi cikin kwana 14. Kafin a rubuta, a tabbatar wa ake rubuta wa. A kasuwar mota sau da yawa wanda ya yi maka ciniki dillali ne, sunan da ke rasit dabam, asusun da kuɗi ya shiga dabam. A binciki sunan a rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a aika wa kowa kwafin wasiƙar.

Ragowar kuɗin kada ka biya, amma kuma kada ka yi shiru. Faɗi dalilinka a rubuce, in ba haka ba kai za a mayar mai karya alkawari. Idan daga baya ka ga motar za ta gyaru kuma kana son ta, doka ta yarda ka riƙe ta ka cire asararka daga abin da ake binka. Ma'aunin shi ne bambancin darajar motar da aka siffanta maka da darajar wadda aka ba ka. Ni dai shasin da aka yi wa walda ba tare da an san wanda ya yi ba, ba zan ba da shawarar a ɗora masa iyali a hanyar Kano ba sai injiniya ya sa hannu cewa ya amince.

Takardun kwastam da ya riƙe ma ba ƙaramin abu ba ne. Ka nemi kwafin takardar shigo da kaya da rasit ɗin biyan haraji, ka kai ofishin kwastam a tantance su da lambar VIN. Motar da ba a biya mata cikakken haraji ba ana iya kama ta a hannun duk wanda aka same ta, ko da da zuciya ɗaya ya saya. Cika kuɗi kafin wannan bincike cinikin biri a sama ne.

Idan wasiƙa ba ta yi aiki ba, sulhu ya fi sauri. Shugabannin kasuwar motar ko fadar Sarkin Hausawa na iya zaunar da ku, kuma Ma'aikatar Shari'a ta Legas tana da cibiyar sasanta jama'a kyauta. Duk abin da aka cimma a rubuta a sa hannu, da adadi da ranar biya. Kana iya kai ƙorafi LASCOPA, hukumar kare masu saye ta jihar Legas, ko FCCPC. A kotu kuwa adadin kuɗi ne ke zaɓar maka ƙofa: kotun ƙananan ƙararraki tana sauraron abin da bai wuce naira miliyan 5 ba, majistare har miliyan 10, sama da haka sai Babbar Kotu, wadda dokokinta na 2019 ke buƙatar ka nuna ka nemi sasantawa kafin ka shigar da ƙara. Wa'adin ƙarar yarjejeniya shekara shida ne, amma hujja ba ta jira haka. 'Yan sanda kuwa ba masu karɓo bashi ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Sai in an gano takardun jabu ne maganar ta zama ta laifi.

Saura naka ɓangaren. Lasisi rukunin B na motar da nauyinta bai kai tan 3 ba ne, taka kuwa ta ninka haka, rukunin D kake buƙata. Tuƙa ta da lasisin yanzu laifi ne da FRSC (hukumar kiyaye haɗurra) ko VIO (masu duba lafiyar motoci) za su iya tsayar da kai a kai, kuma in aka yi haɗari kamfanin inshora zai fake da shi. Ka duba ma cewa inshorar ta ambaci ainihin irin motar, ba ta ƙaramar mota aka yankar maka ba. Ko da wannan ta koma hannun dila, in har za ka sake sayen irinta, ka ɗaukaka lasisin, ka auna tsayinta har da na'urar sanyaya da ke kan rufi ka manna adadin a gabanka, sannan ka samu tsohon direban babbar bas ya zauna gefenka a fili mara cunkoso kwana biyu ko uku kafin ka ɗauki yara.