Fatawa: Murɗewar maraina da binciken tsirrai a jikin ɓeraye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake a ƙaramar hukumar Ringim. Ɗan ƙanena mai shekara 15 ya farka cikin dare da matsanancin ciwo a marainansa har da amai. Muka ɗauka ƙaba ce, muka yi ta jiƙe-jiƙe kwana biyu. Da muka kai shi asibiti aka ce ƙwan ɗaya ya mutu, aka cire. Yanzu na ji an gwada sinadarin habbatus sauda a kan ɓeraye masu wannan ciwo an ga amfani. Shin wannan gwaji halal ne? Kuma ya halatta mu dogara da habba maimakon tiyata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba yaron lafiya. Ku kwantar masa da hankali, ƙwai ɗaya mai lafiya yakan wadatar wajen haihuwa da izinin Allah.

Gwaji a kan ɓera ya halatta idan don neman maganin da mutane ke buƙata ne, aka sa masa allurar barci, ba a azabtar da shi fiye da larura ba. Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, kuma ɓera yana cikin komai.

Tambayarka ta biyu ce ta fi damuna, ɗan'uwa. Igiyar da ke kai wa ƙwan jini ce take murɗewa, kamar a murɗe tiyon ban-ruwa a fadama, ruwa ya tsaya. Likitoci sun ce idan aka warware ta cikin kimanin awa 6 galibi ana ceto ƙwan, idan ta kwana ta yini kuwa da wuya. Su masu binciken, murɗe igiyar ɓeran suke yi na ɗan lokaci, su warware da hannunsu, sinadarin habba ko na kurkur kuma aikinsa rage ɓarnar da ke aukuwa idan jini ya dawo wa naman da ya galabaita. Ka ga ke nan ko ɓeran sai da aka warware masa. Sannan abin da ya yi wa ɓera aiki bai zama magani ga ɗan Adam ba sai an tabbatar a kansa.

Hadisin da ya ce habbatus sauda waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, ni ma ba ta yankewa a gidana. Amma malamai irin su Khaɗɗabi sun bayyana cewa ba a fahimtarsa a kan kowace cuta ta kowace fuska, kuma Annabin da ya faɗe shi (SAW) shi ne ya yi ƙaho, ya aika mai magani wurin sahabinsa Ubayyu ɗan Ka'abu ya yanke masa jijiya.

Saboda haka haramun ne waliyyin yaro, bayan ya san haɗarin, ya jinkirta kai shi asibiti don jiran tsiro ko wanzami, domin babu cuta babu cutarwa. Ku da ba ku sani ba, ina fatan babu laifi a kanku. Buɗe al'aura ga likita kuma halal ne saboda larura. Kunya ce ke sa samari su yi shiru har gari ya waye, don haka iyaye maza su gaya musu tun yanzu: ciwon maraina na farat ɗaya, ko da tsakar dare ne, a tada mai babur ko mota a nufi asibitin da ake tiyata, kada a tsaya kemis.

Wallahu a'alam.