Amsoshin Tambayoyinku: Filin Zamiyar Ƙanƙara a Zafin Kano

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da wurin wasan yara a kusa da titin Zoo Road. Da muka je Dubai, da ƙyar na raba yarana da filin zamiyar ƙanƙara na Dubai Mall. Ina so in yi ɗan ƙarami a nan, tsawo mita 20, faɗi mita 10. Wani dillali ya turo min hoton injin sanyaya daga Chaina, ya ce ko a fili ko cikin gini zai yi aiki. In biya? Daga wani Alhaji a Nasarawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Injin da aka nuna maka shi ne abu mafi sauƙin saye a harkar, wahalar tana wajen gini da wuta.

Batun fili kam a rufe shi. Rana tsaka tana sauke zafin da ya kusa kilowat ɗaya a kan kowace murabba'in mita, kai kuwa kana da 200. Ga watan Afrilu da zafi ke taɓa digiri 40. Ko da hunturu, sanyin namu na asuba ne, kafin azahar rana ta dawo da ƙarfinta, ƙura kuma ta kwanta a kan ƙanƙarar ta sa takalmin zamiya ya dinga cijewa. Turawan da ke yin irinsa a fili iskar garinsu ce take yi musu rabin aikin.

Cikin gini yana yiwuwa, domin otal ɗin Panari a Nairobi yana da nasa tun 2005. Sai dai ka tuna Nairobi a kan tudu take, ba ta san bazararmu ba.

Ga yadda abin yake. Ana shimfiɗa bututai a jere cikin daɓen siminti, injin ya sanyaya ruwan gishiri ko gilaikol (wani sinadari mai hana ruwa daskarewa) har ƙasa da sifili, famfo ya riƙa zagaya shi. Ana fesa ruwa kaɗan-kaɗan a kai har kaurin ƙanƙara ya kai santimita 3 zuwa 4, a riƙe ta a wajen digiri 4 ko 5 ƙasa da sifili. Naka zai ci ruwa kamar lita 6,000. Abin da zai ba ka mamaki, ƙarƙashin daɓen ana sa abin tare sanyi, a can ƙasa kuma a bi da bututun ɗumi. In ba haka ba, damshin ƙasa zai daskare ya kumbura ya tsaga simintin. Sannan sai na'urar tsotse damshin iska. A watan Agusta, in babu ita, hazo zai cika ɗakin, raɓa ta dinga ɗiga daga rufi tana yi wa ƙanƙarar ƙuraje.

Tambayi dillalin nan abu ɗaya: ƙarfin da aka rubuta a jikin injin, a zafin waje digiri nawa aka gwada shi? Da yawa a 35 ake gwadawa. Ka ce a rubuta maka abin da zai iya a 45. In ya fara kame-kame, ka san amsa. Inji mai fitar da zafinsa ta hanyar ruwa ya fi jure rani, amma zai sha rijiyar burtsatsenka, kuma dole a riƙa tace ruwan. Manyan filaye sukan yi amfani da amoniya a matsayin gas ɗin sanyaya, mai guba ce kuwa, ni dai ba zan sa ta inda yara ke taruwa ba tare da ƙwararre na dindindin ba. A 2017 ta yoyo a wani filin ƙanƙara a garin Fernie na Kanada, mutum uku suka rasu.

Sai wuta. Ƙanƙara ba ta san dare ko Juma'a ba, injin ba ya hutu. Ko a Band A kake, wato rukunin da ya fi samun wuta, alƙawarin awa 20 ne a rana, kuma a Afrilun 2024 aka kai kuɗin yunit naira 225. Ragowar awannin janareta ne da dizal, kuma janareta biyu, don ranar da ɗaya ya tsaya.

Da ni ne, da na fara da ƙanƙarar roba, wato fale-falen roba mai santsi da ake harhaɗawa a ƙasa. Ba ta kai ta gaske sulɓi ba, kuma tana saurin dakushe ƙarfen takalmi, amma ba ta shan wuta. Ka yi Sallah biyu da ita, ka ƙirga yaran da suka dawo karo na biyu, sannan mu sake magana.

Tambaya: Malam, ina sayar da ƙanƙara a gida da firiza biyu. Azumi ba na iya biyan masu zuwa. In sayi injin ƙanƙara haɗin gida ko in ƙara firiza? Daga wata Hajiya a Kurna.

Amsa: Hajiya, injin ya fi, musamman mai tankin ruwan gishiri, domin ruwa ya fi iska saurin zuƙe zafi daga leda ko gwangwani. Amma ki je da mai gyaranki ya duba kwampireso. In tsoho ne mai gas ɗin R22, ki sani ana kan janye wannan gas a duniya, samunsa zai ƙara wuya. A kunna a gabanki da rana tsaka, da ruwan da kike amfani da shi, ki zauna har ya kama. Awannin da kika ƙirga da kanki su ne za ki gwada da wutar unguwarku.